Dalilin da ya sa na canza injin zarto

'Yan'uwa, da yawa daga cikinmu matasa mun koyi aikin kafinta, wasu ma suna da ɗan shago a zaure ko bayan gida. Ni ma haka nake. Shekara 4 na yi da ƙaramin injin zarto mai tebur, irin wanda mutum ɗaya ke iya ɗauka. Ya ciyar da ni, ban raina shi ba. Amma bana na sayar da shi, na haɗa da kuɗin adashi na sayi babba na hannu, mai tebur na ƙarfen zubi.

Babban dalilina shi ne ƙarfen jagora, wanda katako ke jingina da shi yayin tsaga. Na tsohon injin ba ya tsayawa wuri ɗaya. Idan bayansa ya karkata wajen faifan zarto, sai katako ya matse, haƙoran baya masu tasowa sama su kama shi su jefo maka da ƙarfi. A nan ne hannu kan zame ya faɗa kan faifai. Sabon yana kullewa daram, kuma yana da siririn ƙarfe a bayan faifan da ke hana tsagar rufewa. Ɗanyen katako, irin wanda mukan samu wani lokaci a Kasuwar Katako ta Jos, yana yawan rufewa haka.

Mota ma ta bambanta. Ta ƙaramin ƙara ce da ita, kuma takan sare in ta haɗu da maɗaci mai kauri. Ta babban tana aiki da bel, ba ta gajiya. Sai dai wajen tashi tana jan wuta ninki da yawa na abin da take ci in ta kama gudu, don haka ƙaramin janareta ba ya ɗaga ta. Wanda zai saya ya sa wannan a lissafi.

A Amurka akwai injin SawStop, wanda Steve Gass ya ƙirƙiro a 1999. Da zarar faifan ya taɓa fatar mutum, yakan tsaya cikin ƙasa da kashi 5 cikin 1,000 na daƙiƙa. Kuɗinsa ya fi ƙarfin yawancinmu, saboda haka kula ce tamu.

Ɗan'uwa, in kuɗinka bai kai ba tukuna, kada ka ci bashi. Fara da faifai mai kyau: mai haƙora 24 don tsaga, mai 60 zuwa 80 don yankan gicciye. Daidaita jagorarka, ka sassaƙa sandar tura katako daga guntun da ya rage, ka daina kai yatsu kusa da faifai. Ana sayen inji a kasuwa, amma yatsun nan 10 da za ka ciyar da iyali da su, babu mai sayar maka.