Wa Ake Ɗaukar wa Hoton Giwa?

Ƙungiyoyin kare muhalli sun daɗe da gane cewa rahoto mai shafi hamsin ba ya ratsa zuciyar mai ba da tallafi kamar yadda bidiyon minti uku ke ratsa ta. Wannan ne ya sa ɗaukar fim a gandun daji ya zama hanyar neman abinci ga irinmu 'yan jarida masu riƙe da kyamara. Na yi irin wannan aiki sau da dama, kuma kusan duk takardar kwangilar da aka miƙo mini jerin buƙatunta ɗaya ne: fitowar rana a kan kogi, garken dabbobi a mashaya, masu gadin daji suna sintiri cikin kaki, sai jami'in ƙungiya yana bayani da Turanci. Abin da nake so mu duba shi ne mutumin da wannan jeri ya bari a waje, da kuma abin da barinsa ke jawo wa dabbobin da ake son karewa.

Mu fara da aikin kansa. Gandun dajin Yankari na Jihar Bauchi, mai faɗin murabba'in kilomita 2,244, an keɓe shi a 1956, aka buɗe shi ga maziyarta a 1962. Ya zama gandun ƙasa a 1991, sannan ya koma hannun gwamnatin jiha a 2006. Yana cikin 'yan wuraren da suka rage a Nijeriya inda giwaye ke yawo a sake. Mai ɗaukar hoto yakan je ne da rani, lokacin da ciyawa ta bushe, ruwa ya janye, dabbobi suka tattaru a bakin kogin Gaji. Gwanki da ɓauna da mugun dawa ba su cika wahalar samu ba, birai kuwa har sansanin Wikki suke biyo mutum. Giwa ce ke koya wa mutum haƙuri. Sai ka kwana uku kana bin sawu da kashi da karyayyun rassa, ka dawo da hoton ƙura kawai.

Na'urori sun rage wahalar. Akwai kyamarar da ake ɗaurewa a jikin bishiya, wadda motsin dabba ke tayarwa ko da tsakar dare. Akwai abin wuya da ake sanya wa wasu giwaye, mai aika saƙon inda suke ta tauraron ɗan'adam, kamar yadda ƙungiyar Wildlife Conservation Society ta yi a Yankari tare da gwamnatin jihar. Amma kowace na'ura da amanarta. Jirgi maras matuƙi yana ba da hoto mai ƙayatarwa, sai dai ƙararsa na iya firgita garke ya watse. Hoton da aka saki a intanet ɗauke da alamar wurin da aka ɗauke shi kuma taswira ce kyauta ga mai neman haure, domin haramcin cinikin hauren giwa tsakanin ƙasashe da aka yi a 1989 bai kashe kasuwar bayan fage ba.

Duk wannan ana koyonsa. Abin da ba a cika koyarwa ba shi ne cewa gandun daji ba shi da katanga. Giwa ba ta san iyakar da aka shata a takarda ba. Idan amfanin gona ya nuna, takan fito cikin dare, kuma garke ɗaya na iya cinye wahalar damina guda kafin asuba. Na taɓa zama da wani dattijo a wani ƙauye na gefen daji, a tsakiyar gonar dawarsa da aka tattake. Bai zagi giwa ba, bai zagi hukuma ba. Ya lissafa mini bakunan da yake ciyarwa, sannan ya tambaye ni inda su mutanen ƙauyen za su kalli hoton da nake ɗauka. Da aka gama tace fim ɗin a ofishin ƙungiyar da ta ba ni aikin, fuskarsa ta fito na ɗan lokaci, muryar mai sharhi da Turanci ta danne tasa. An nuna fim ɗin a ɗakin taron wani otal. Ƙauyen bai gan shi ba.

Ba mugunta ce ta jawo haka ba, tsarin kuɗi ne. Wanda zai sa hannu a takardar tallafi yana Landan ko Niyok, don haka da harshensa da tunaninsa ake yin fim ɗin. Amma ran giwa ba a hannunsa yake ba. Yana hannun manomin da zai zaɓa tsakanin kiran masu gadi da kiran maharbi, da makiyayin da ya san kowace mashaya, da matar da ke shiga dajin neman itace. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Fim ɗin da ya nuna waɗannan mutane a matsayin barazana kawai, ko ya share su baki ɗaya, ya rasa masu kallon da suka fi kowa muhimmanci.

Jamhuriyar Nijar ta ba mu darasi a kan wannan. A yankin Kure, kimanin kilomita 60 daga Yamai, raƙuman dawa na Afirka ta Yamma sun ragu zuwa 49 kacal a 1996. Ba a cikin killataccen gandu suke zaune ba, a tsakanin gonaki da ƙauyuka suke, suna cin ganyen bishiya, wani lokaci har da waken mutane. An haramta farautarsu, an horar da 'yan yankin suka zama masu yi wa baƙi jagora, an tallafa wa ƙauyukan domin su ga amfanin haƙurinsu. Yawansu ya haura 600, har a 2018 aka ɗauki takwas zuwa gandun Gadabeji na Jihar Maraɗi. Duk wanda ya ɗauki hoton raƙumin dawan Kure ya yanke manomin da ke gefensa, ya yanke dalilin da ya sa dabbar take raye.

Mu dawo gida. Kano tana da dajin Falgore, wanda Kogin Kano ya ratsa, hanyar Kano zuwa Jos ma ta bi ta cikinsa. A ƙarshen 2020 gwamnatin tarayya ta sanya shi cikin wurare goma da ta amince a mayar gandun ƙasa. Amma ka ambaci Falgore a majalisar shayi a Gyaɗi-Gyaɗi ko Tarauni, abin da zai fara zuwa bakin mutane shi ne ɓarayin shanu da masu tare hanya. Labarin dabba da ya fi yaɗuwa daga Kano a shekarun nan kuwa shi ne na 2019, lokacin da aka ce gwaggon biri ya haɗiye kusan naira miliyan bakwai a gidan zu na Audu Bako, har gwamnan jihar ya fito ya ce babu irin wannan dabba a wurin.

Abin mamaki shi ne daga Ƙauyen Alu, inda nake zaune, zuwa Titin Gidan Zu babu nisa, kuma a kan titin nan ofisoshin masu shirya finafinan Hausa suke jere. Masana'antar da ta faro da Turmin Danya a 1990 tana da masu ɗaukar hoto da masu tacewa da masu sauti waɗanda suka san yadda ake riƙe hankalin Bahaushe fiye da kowane baƙon ƙwararre. Kafin su ma, majigi ya zagaya ƙauyukan Arewa tun zamanin Turawa, ana kafa farin ƙyalle a ƙofar fada ana nuna noman gyaɗa da tsabta. Hanyar kai hoto ƙauye tsohuwa ce a wurinmu, yau kuma wayar hannu ta ƙara sauƙaƙa ta.

Saboda haka yanzu nakan nemi a rubuta abu uku a kwangila kafin in ɗauki jaka. A yi kwafin fim ɗin da Hausa, ko da Fulatanci inda ya dace. A bar mutanen gefen daji su yi magana da muryarsu, har da kokensu. A ware kuɗin janareto da majigi domin a fara nuna shi a ƙauyen da aka ɗauke shi, gaban mai gari da manoma da masu gadin daji, kafin a kai shi otal. Wasu ƙungiyoyin sukan yarda, wasu sukan ce kasafinsu bai kai ba. Ga masu cewa haka, lissafin a bayyane yake: kuɗin nunin dare ɗaya a ƙauye bai kai na abincin rana a taron ƙaddamarwa ba, giwa kuwa takan ɗauki ciki kusan wata 22 kafin ta haifi ɗa guda.