Fuskar masunci da ƙyallin ruwa: auna haske a fadamar Haɗejiya

Hoto goma sha biyu kacal ake samu a naɗin fim mai lamba 120, idan kyamarar mai ɗaukar murabba'in 6x6 ce. Babu allon da zai nuna maka abin da ka ɗauka. Sai an wanke fim ɗin bayan makonni, lokacin da ruwan da ka je dominsa ya riga ya janye. Shi ya sa auna haske ya zama rabin aikin.

Wadda nake ɗauka zuwa Baturiya da ƙauyukan Guri ita ce Yashica Mat-124G, irin wadda ake riƙewa daidai cibiya, a sunkuya a leƙa ta sama. Ina son ta ne saboda ladabinta: wanda ya sunkuyar da kai gaban dattijo ba ya kama da mai saita shi da bindiga, kuma mutane kan saki jiki. Sai dai idanu biyu gare ta, na sama na leƙe, na ƙasa na ɗauka. Na saman kullum a wangale yake, don haka ko ka tsuke ƙofar haske ko ka buɗe ta, abin da kake gani a gilashi ba ya sauyawa. Kyawunsa ba ya gaya maka komai game da abin da zai isa ga fim.

Da yawa daga cikin irin waɗannan kyamarori, har da Hasselblad 500C ta 1957, ba su da ma'aunin haske ko kaɗan. Yashica tana da ɗan ƙarami, amma an ƙera shi ne don batirin makuri mai ƙarfin 1.35, wanda aka daina yi. Na yanzu mai 1.5 karkatar da allurar yake yi.

Ko da ma'aunin lafiyarsa ƙalau, yana da wani zato guda: duk abin da aka nuna masa, ɗauka yake ruwan toka ne matsakaici, mai mayar da kusan kashi 18 cikin ɗari na haske. Fadama kuwa ba ta san wannan ba. Ka nuna shi ga masunci a kwalekwale da hantsi, ƙyallin ruwa da farin sama za su cika masa ido, ya ce ka tsuke. Ruwan zai fito da kyau, mutumin kuwa ya zama inuwa marar fuska. A ganina wannan ba ƙaramar asara ba ce ga ɗan jarida, domin ya dawo da shimfiɗar ƙasa ya baro mai ita.

Maganin shi ne a auna hasken da ke sauka kan mutum, a ƙyale wanda ke dawowa daga bayansa. Ma'aunin hannu irin Sekonic L-398, mai farin ƙoƙo kuma marar buƙatar batir, shi ake kaiwa kusa da fuska a juya ƙoƙon ya kalli kyamara. Idan mutumin yana tsakiyar ruwa, sai in tsaya a bakin gaɓa yadda rana za ta same ni kamar yadda ta same shi, in auna a nan. In babu wannan, tafin hannu ya isa: a auna shi, a ƙara buɗewa mataki ɗaya. Koren ganye ma yana kusa da ruwan tokan nan, har da na kacalla. Abin takaici ne a ce ciyawar da ta toshe hanyoyin ruwa, bayan madatsun Tiga a 1974 da Challawa a 1992 sun sauya tafiyar kogin, ita ce mafi sauƙin samu idan ana neman abin awo.

Akwai tsohuwar ƙa'ida cewa a rana tsaka a sa f/16, saurin kiftawa kuma ya kusanci lambar fim, wato 1/125 ga mai ISO 100. Da hunturu ba ta tsayawa. Hazo na rage mataki ɗaya, wani lokaci biyu, sai a koma f/11 ko f/8, ga shi kuma a lokacin ne inuwa ke laushi, baƙar fata ta fito da duk zanenta. Fim ɗin negatif na jure yawan haske fiye da ƙarancinsa, saboda haka mai ISO 400 nakan auna shi kamar 200 ne muddin akwai ruwa a bayan mutum.