Wasiƙa daga Abbey Wood: ofishin da ban shiga ba

A yi mini afuwa kan shirun kwana biyu. To yau dai ba labarin sanyi ko tsadar doya a kasuwar Woolwich na zo da shi ba. Gyara na zo yi, domin labarin da ya bazu a gida cewa na samu aikin koyarwa ba haka yake ba, kuma ni na baza shi da bakina.

Ga yadda aka yi. Kun san bizar ɗalibi ta yarda mini aikin awa 20 a mako lokacin karatu, don haka da wata jami'a ta nemi mai taimaka wa malamai da 'yan ajin farko, sai na nema, aka kira ni intabiyu. Mutum uku ne a teburin. Bayan tambayoyi, sai shugabarsu ta gyara zama ta shiga zayyana mini aikin: ranakun da zan shiga aji, yawan ɗaliban, har da ɗakin da zan zauna a hawa na uku da wanda za mu raba shi. Ku gaya mini, a Zariya in babba ya kai ga nuna maka kujerarka, saura me? Ban ma bari jirgin Elizabeth ya ƙarasa da ni gida ba, muna fitowa daga ƙarƙashin ƙasa na buga wa Inna waya. Kafin magariba, in ji Yaya, an raba waina sadaka a layinmu.

Bayan kwana tara saƙo ya iso, sun ɗauki wani.

Da na kai wa malamar da ke duba aikin digirina kuka, sai ta ce in maimaita mata ainihin kalmomin da matar ta faɗa. Na ce ai cewa ta yi "you would be teaching on Mondays". Ta yi shiru, sannan ta ce to ai ba ta yi maka alkawarin komai ba, kuma duk wanda ya zauna a kujerar nan ranar, haka aka gaya masa.

Wato abin da ya kā da ni kalma ɗaya ce. Bature yana da "will", wadda ita ce "za" ɗinmu, yana kuma da "would", wadda a asali ita ce "will" ɗin a sigar abin da ya wuce. Sai ya ɗauko wannan siga ta jiya ya riƙa zana maka gobe da ita, goben da ba ta tabbata ba. Mu a Hausa sharaɗin a fili muke ajiye shi: idan aka ɗauke ka, za ka koyar ranar Litinin. Ka ji "idan", ka san inda ka tsaya. Su kuwa sai su haɗiye "idan" ɗin gaba ɗaya, su bar "would" ta ɗauki nauyinta ita kaɗai. Abin haushin ma, a magana ba sa furta ta duka. "You'd" da "you'll" ne, ɗan harafi guda a ƙarshen harshe, ga ka cikin fargaba, zuciya na dukan uku-uku.

Ba wai ban san kalmar ba, kada ƙannena su yi mini dariya. Tun sakandare aka sa mu rubuta insha'i kan abin da za mu yi da mu ne gwamna, muka cika takarda da "would". Amma a kaina na ajiye ta a gefen "da" ɗinmu: da ni ne gwamna, da na gina asibiti. Wannan kuwa zancen mafarki ne, ko na nadama, irin da-na-sanin nan da ake cewa ƙeya ce. To matar nan ba mafarki take ba, lambar ɗaki take ba ni. Shi ya sa kunnena ya gyara mata magana, ya ji "za ka".

Har ila yau malamar tawa ta nuna mini wani wurin. Da suka tambaye ni yadda zan yi da ɗalibin da ya daina zuwa aji, "I will" na yi ta cewa, zan kira shi, zan rubuta masa. Ta ce ba laifi ba ne, ba kuma shi ya hana ni aikin ba, sai dai a kunnensu kamar na riga na hau kujerar ne tun ba a miƙo ta ba. Mu da muke da "in sha Allahu" mai rage wa "zan" kaifi, na bar ta a bakin ƙofa don kada a ga baƙon abu, ban kuma san abin da suke sa wa a gurbinta ba.

Ranar Lahadi na tafi kangon Lesnes Abbey, nan bayan unguwarmu, ginin da aka kafa tun 1178, na zauna ina sauraron mutane. Wata uwa tana tambayar ɗanta abin da yake so ya zama, da "would". Wasu biyu suna lissafin yadda za su yi in sun koma wani gari, da "would". Shekara uku ina garin nan kalmar tana wuce ni kamar iska. Ni dai har yanzu ina ganin akwai rashin tausayi a kai mutum har hawa na uku da baki alhali ba a yanke shawara ba, ko da nahawu ya wanke mai maganar.

Yaya, don Allah ke za ki yi wa Inna bayani a hankali, ni na kasa. Ki ce mata kuɗin wainar yana wuyana. Kawu kuma ya dakata da maganar kuɗin makarantar su Auta zuwa ƙarshen wata. Akwai wata intabiyun ranar Alhamis, kuma ba wanda zai ji daga gare ni sai na ga takarda da sa hannu.

A gaida kowa da kowa, musamman maiɗakina da yara.