Yaran Gareji Masu Albashi a Jamus

A wani garejin gyaran motoci da ke gefen birnin Kolon na tarar da wata yarinya, ba ta wuce shekara 17 ba, tana kwance tayar mota, hannu duk baƙin mai. Na tambayi maigidan ko 'yarsa ce. Ya ce a'a, koyon aiki take yi, kuma gobe ba za ta zo ba, ranar makarantarta ce.

Haka matasa da yawa ke tasowa a Jamus. Kwana uku ko huɗu a mako suna wurin aiki, ragowar kwana ɗaya ko biyu suna makarantar sana'a ta gwamnati, inda ake koya musu lissafin aikin, da Jamusanci, da haƙƙin ma'aikaci. Sana'o'i fiye da 300 hukuma ta amince da su, tun daga gashin burodi har aikin banki. Kanikanci shekara uku da rabi ne.

Dokar koyon sana'a ta 1969 ta wajabta yarjejeniya a rubuce tsakanin mai koyo da maigida. Ana biyan yaro duk wata, kuma a 2020 aka yanke mafi ƙarancin abin da za a ba shi a shekarar farko, Yuro 515, yana ƙaruwa tun daga lokacin. Amma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yaye. Ba maigida ne ke cewa yaro ya ƙware ba. Ƙungiyar masu sana'a ta yankin ce ke yi masa jarrabawa, ta ba shi takardar da za a karɓa ko'ina a ƙasar. Na tuna yaran garejinmu na gida, waɗanda ke shafe shekaru suna miƙa sifana, ranar 'yancinsu kuwa sai yadda oga ya ga dama.

Tsarin yana da tabonsa. A yawancin jihohi, tun bayan aji huɗu, yaro na da kimanin shekara goma, ake raba wa yara hanya, kuma 'ya'yan talakawa da na baƙi ne suka fi faɗawa ƙananan makarantu. Wasunsu kan gama su rasa mai ɗaukarsu, alhali kamfanoni na kukan rashin masu koyo. Wannan gaggawar raba wa yara hanya ba abin koyi ba ce.

Yarjejeniyar da jarrabawar kuwa ba sa buƙatar arzikin Jamus. Ƙungiyoyin kanikawa da teloli da kafintoci muna da su a kowane gari, su ya kamata su fara.