Keken Guragu da Rairayin Wurno

A Wurno da Rabah da Goronyo, rairayi ne alƙalin kowane keke. Keken guragu kuwa ya fi shan hukuncinsa, domin da hannu ake tuƙa shi.

Shan inna ta shanye ƙafafun yayana tun yana ƙarami, don haka na san wannan keke ciki da waje. Mai walda ke haɗa shi da bututun ƙarfe da kayan tsohon keke: taya biyu a baya, ɗaya a gaba, feda daidai ƙirji, sarƙa ta gangara zuwa tayar gaba.

Sirrin yana wurin kujera. In ta yi sama, keken ya kife a kwana. In ta ja baya da yawa, tayar gaba ta rasa nauyi, ta riƙa juyawa a banza cikin rairayi. In faɗin baya ya wuce kima, ba zai shiga zaure ba. Wanda ya ƙera na yayana sai da ya auna hannunsa da ƙugunsa, har da ƙofar gidanmu, kafin ya yanka ƙarfe. Da shi ya yi makaranta, da shi yake cin kasuwar Achida.

A 2020 aka tabbatar Najeriya ta rabu da ainihin ƙwayar shan inna. Alhamdu lillahi. Amma waɗanda ta riga ta taɓa suna nan. Mai niyyar ba su keke don Allah, ya fara kai su wurin awo.