Luanshya: Garin da Gwanki ya Nuna wa Tagulla

Daga Ndola, a arewacin Zambiya, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba ta kai mu Luanshya. Tun daga nesa muka hango tarin ƙasar da aka fitar daga mahaƙa, ya yi tudu kamar dutse.

Labarin garin ya fara da farauta. An ce a 1902 wani Bature, William Collier, ya harbi gwanki, dabbar ta faɗi a kan wani koren dutse. Shi ya sa aka raɗa wa mahaƙar sunan gwanki da Turanci. Amma tun kafin zuwansa mutanen yankin sun daɗe suna narka tagulla, wato jan ƙarfe.

To me ya kawo tagulla nan? Kimanin shekara miliyan 880 da suka wuce, ƙasar wurin ta tsage ta lotsa, teku ya shigo. Yashi da laka da gishiri suka yi ta kwanciya hawa-hawa, kamar tabarmin da aka jera, har suka zama dutse. Can ƙarƙashi, ruwan gishiri mai zafi ya riƙa ratsa jan yashi yana wanko tagullar da ke cikinsa. Da ya iso baƙar laka mai ruɓaɓɓun halittu da farar wuta, sai tagullar ta maƙale a nan. Daga baya, wajen shekara miliyan 550 da suka wuce, manyan ɓangarorin ƙasa suka yi karo, shimfiɗun suka nannaɗe. Zaizaya ta tone su, ruwa da iska suka mai da samansu kore, kamar yadda tsohuwar munduwar tagulla ke yin tsanwa.

Mun ɗauki guntun dutsen mun jujjuya. A kilo 100 na irinsa, yawanci tagulla ba ta wuce kilo biyu ko uku ba. Sauran shi ne tudun da ya tarbe mu.

Fiye da rabin kuɗin da Zambiya ke samu daga waje na tagulla ne. Da farashinta ya faɗi a tsakiyar shekarun 1970, garuruwa irin wannan sun ji jiki. Kuma abin da ya ɗauki miliyoyin shekaru yana taruwa, in an haƙe ba ya tsirowa. Da muka koma masauki muka kunna fitila, sai muka tuna cewa wayar da ke cikin bango daga irin wannan dutsen ta fito.