Kwana Biyar a Helsinki, Inda Ba a Yafe Gwaji Sai da Hujja

Daga Abuja muka tashi, ni da Malam, shugaban ɗakin gwajinmu, muka yada zango a Istanbul, muka sauka Helsinki a ƙarshen Nuwamba. Jirgin ƙasa ya kai mu tsakiyar gari cikin kusan rabin awa. Kafin ƙarfe huɗu na yamma duhu ya rufa. Muna idar da la'asar sai ga magariba ta kawo jiki.

Horo ne ya kai mu, kan dokar REACH, wadda Tarayyar Turai ta fara aiki da ita a 2007 don tantance sinadaran da ake ƙerawa ko shigarwa ƙasashenta. A wannan birni hukumar da ke karɓar takardun rajistar, ECHA, take da mazauni, dab da tashar jiragen ruwa. Kowace safiya mukan wuce ta gabanta, iskar tekun Baltik na yanka mana kunnuwa.

A rana ta uku aka zo kan gwajin pKa. Wasu sinadarai idan suka shiga ruwa sukan rabu, su zama ɓarɓashi masu caji. Lambar pKa ita ce ma'aunin tsami, wato pH, da rabin sinadarin ke rabuwa a kai. Malamar da ke koyar da mu ta ɗaga kwalbar binega, ta ce pKa na asid ɗin cikinta 4.76 ne. Nan take na tuna mahaifiyata tana zuba ruwan tsamiya a kunu. Muhimmancin lambar shi ne, sinadarin da ya rabu yakan bi ruwa, wanda bai rabu ba kuwa ya fi saurin ratsa jikin kifi ya taru a kitse. Don haka dokar ta wajabta gwajin ga duk sinadarin da kamfani ke ƙerawa ko shigarwa tan 100 ko fiye a shekara, kuma ƙa'idar OECD mai lamba 112 ce ta fayyace yadda ake yinsa.

Sai ta ce akwai inda ake yafe shi. Malam ya gyara zama.

"Malama, ashe a nan ma ana ɗaga ƙafa?"

Ta yi murmushi, ta ce na farko, ta zana sinadarin hekzen a allo: kabon da haidurojin zalla, babu inda zai rabu. Ta ce auna wannan ɓata lokaci ne. Malam ya juyo gare ni da Hausa: "Ka ji, ɗana? Neman jini a jikin fara ke nan." Malamar ta ci gaba: na biyu, sinadarin da ruwa ke lalata rabinsa cikin ƙasa da awa 12, kafin ka auna, ya riga ya zama wani abu, don haka abin da ya rikiɗa ya zama shi ake dubawa. Na uku, idan na'ura ba za ta iya gano shi ba saboda ƙanƙantar abin da ke narkewa.

Abin da ya fi shiga raina shi ne atisayen yamma. Aka buɗe mana IUCLID, manhajar da ake cike takardun rajistar da ita, aka ce kowa ya cike gurbin yafewa. Na rubuta "ba a buƙata," na tsaya. Malamar ta ɗora yatsa a fuskar kwamfutata, ta ce, "Don me?" Sai da na kawo tsarin sinadarin, na nuna sashen dokar da na dogara da shi, na bayyana dalili, sannan ta ɗauke yatsan. Ta ce takardar da ba ta da hujja, hukuma na iya mayar da ita ta nemi a yi gwajin.

Ranar komawa muka hau jirgin ruwa zuwa tsibirin Suomenlinna, tafiyar kusan minti 15. Malam ya daɗe yana kallon ruwan, ya ce, "Duk abin da muka yafe a takarda, a irin wannan ruwan yake ƙarewa." Na tuna magudanun masana'antun Sharaɗa da Challawa, da manoman da ke ban ruwa a ƙasansu.

Ya ku 'yan'uwana ma'aikatan ɗakin gwaji, idan za ku bar wani gwaji, ku rubuta dalili baƙi da fari, yadda wani zai iya bin sawunku ya tabbatar. Gurbin da aka bari babu hujja, sakaci ne.